Neman Ƙusar Babur ɗin Ƙanƙara a Guangzhou

Talata: Kano zuwa Abuja

Ƙarfe huɗu da kwata na asuba Ɗanladi direba ya danna hon a ƙofar gida, ni kuwa tuni ina zaure da jakata. Shekara goma sha tara ke nan ina sayar da kayan gyaran babur a Ƙofar Ruwa, wannan kuma ita ce tafiyata ta sha ɗaya zuwa China, amma ban taɓa fita da aike irin na wannan karon ba. Ƙusa aka ce in sayo. Ƙusar babur ɗin da ke gudu a kan ƙanƙara, ni da ƙanƙarar da na sani ita ce ta cikin kular zoɓo.

Mai aiken ƙanena ne, Nasiru. A shagona ya koyi riƙe sifana, yanzu shekararsa huɗu a arewacin Kanada yana kanikanci a wani kamfani da ke ba 'yan yawon buɗe ido hayar waɗannan baburan. Ba su da taya. Wani faffaɗan bel ne na roba a ƙarƙashinsu, irin na katafila, mai haƙora a jere. In za a bi ta kan tafkin da ya daskare sai an huda bel ɗin an ɗaura masa ƙusoshi, in ba haka ba babur ya yi ta zamiya, birki ba ya ci.

Aikin Nasiru na wucin gadi ne, sanyi na wucewa ake sallamarsa. Bana babban bakaniken wurin ya ajiye aiki, sai mai kamfanin ya ce wa Nasiru ya shirya masa babura takwas. In ya gamsu, kujerar ta zama tasa, har da takardar aiki ta dindindin. Da wannan takardar zai nemi izinin ɗauke matarsa Rabi da 'yarsu Ummi, waɗanda ke zaune a gidanmu tun tafiyarsa. Ummi ba ta san ubanta ba sai a waya. Gogan naku Nasiru kuwa sai ya je ya cika wa mai kamfanin baki, wai yayansa na zuwa China, kuma babu ƙarfen da zai ruɗe shi. Gaskiya ya faɗa, ban musa ba, amma wa ya aike shi?

Ina shirin shiga mota Rabi ta leƙo da leda ta dambun nama. "Yaya, Allah ya tsare hanya," ta ce. Kowa ya san abin da ke ran ɗan'uwansa.

Mun yi sallar asuba a Kwanar Ɗangora, muka shiga Zariya bakwai saura kwata, Kaduna takwas da minti goma. Shingen jami'an tsaro na ƙirga tara kafin in gaji da ƙirga. A ɗaya daga ciki wani soja ya sunkuyo ta taga.

"Alhaji, ina zuwa?"

"China."

Ya dubi tsohuwar motar Ɗanladi daga gaba har baya. "A wannan?"

Ɗanladi bai ji daɗi ba, har muka isa filin jirgin Abuja sha ɗaya da rabi yana mita. Tafiyar kilomita ɗari huɗu ce da 'yan kai. Jirgi ya ɗaga biyu saura, muka sauka Addis Ababa muka canza wani, daga nan awa goma cur a sama.

Laraba: Liuhua Lu

Huɗu na yamma muka sauka Guangzhou. Aka ɗauki hoton yatsu, aka buga hatimi, na ɗauki tasi zuwa masaukina na kullum a titin Liuhua Lu, minti hamsin saboda cunkoso. Ɗaki a hawa na tara, taga na kallon tashar jirgin ƙasa.

A ƙofar otal na tarar da Alhaji Usmanu, mutumin Maraɗi, ɗan kasuwar tufafi, abokina na shekara goma. Mutum ne mai jiki, ga murya, ga son tsokana. Muka wuce shagon Sinawan nan Musulmi masu farar hula muka ci taliya da naman sa, yuwan goma sha takwas kwano. Nan na nuna masa hoton babur ɗin.

Ya daɗe yana kallo. "Alhaji, wanga abu mota ne ko jirgin ruwa?"

"Babur ne."

"Bon. Kai da ko dusar ƙanƙara ba ka taɓa gani ba, kai za ka zaɓa mai ƙusa?" Ya yi dariya har yana tari.

Na ce masa ƙarfe ƙarfe ne, ko a wuta za a sa shi ko a ƙanƙara, kuma duk Ƙofar Ruwa an san ni. Ya ce zai bi ni gobe, ba don taimako ba, don kallo.

Alhamis: Kasuwar kayan babur

Tara na safe muka shiga kasuwar kayan babur, minti ashirin a tasi daga masauki. Ga wanda bai san Guangzhou ba, gari ne mai ɗumi, su ma ba sa ganin dusar ƙanƙara. Shago bayan shago in na nuna hoto sai a girgiza kai a ce "meyo", wato babu. Wani ya ɗauko mini ƙusar takalmin ƙwallo. Wani ya kira maƙwabtansa suka taru a kan wayata suna kallo. Har azahar ba mu ji komai ba sai meyo, Usmanu kuma ya ƙi rufe bakinsa.

Sai wajen uku, a hawa na uku na wani gini, muka faɗa shagon wata mata mai tura kaya Rasha da Kanada. Lauban muke ce mata, kamar yadda ake kiran duk mai shago a can. Tana ganin hoton ta jawo akwati. Ga su nan jere: ƙusa mai faffaɗan kai, jikinta da zare kamar na noti, bakinta da ɗan tsini. Kowace da ɗan farantinta na alminiyom da notinta. Wallahi sai na ji kamar na tsinci kuɗi.

Nasiru ya turo mini awo a rubuce. Haƙorin bel ɗinsu milimita talatin da biyu ne, ya ce ƙusa ta leƙo bisa haƙori da milimita tara, kada ta wuce. Lauban ta duba, ta ce wannan tsawon meyo, sai an yi oda daga masana'anta, kwana huɗu. Amma ga wata da ta fi ta tsawo da rabin inci, kuɗinsu ɗaya, a shirye take ko yanzu.

Usmanu ya zungure ni. "Ƙarhe ya hi yawa, kuɗɗi ɗaya, mi kake jira?"

To, ku gaya mini Bakanon da zai ƙi. Tun muna yara, in mai awo ya ƙara maka gyara godiya kake yi, ba ka ce ya rage ba. A rufin kwano ma ƙusa inci huɗu ta fi inci uku riƙo. Na ce a raina ai doguwa za ta fi cafkar ƙanƙara, Nasiru tsoro ne kawai irin na wanda ke aiki ƙarƙashin wani. A lokacin barci yake, don ranarmu darensu ce. Amma in faɗi gaskiya, ko idonsa biyu ba zan kira shi ba. Ni na koya masa bambancin sifana goma da sha biyu, yau kuma in tambaye shi tsawon ƙusa? Na ce wa Lauban ta haɗa mini doguwar, casa'in da shida kowane babur.

Har ta fara jawo kwali sai na ɗaga hannu. Ina da doka guda da ban taɓa karyawa ba a wannan sana'ar: ba a ɗaure mini kwali sai na ga kaya a mazauninsa. Fistin ne, in gan shi cikin silinda. Sarƙa ce, in gan ta a kan haƙorinta. Na ce ina bel ɗin da zan gwada?

Ta ce a nan meyo, amma masana'antarsu a Foshan suna da rabin babur da suke gwaji da shi. Ta buga waya, aka ce mu zo Asabar.

Usmanu ya riƙe kai. "Yini guda za ka kashe saboda ƙusa? Kai mutanen Kano akwai taurin kai!"

Juma'a

Da safe na raka shi kasuwar Shahe ya ga kayansa na yara, hayaniyar wurin sai da ta sa mini ciwon kai. Muka yi Juma'a a masallacin da ke kusa da masaukinmu, aka gaisa da 'yan gida, na Kano da na Yamai da na Kumasi, kowa da irin Hausarsa. Bayan nan na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa unguwar Tianhe na sayi ma'aunin milimita mai lamba, don nawa na gida ya fara yi mini ƙarya. A hanyar dawowa tunani ya zo mini: ana gwada wuƙa a kan nama, me zai hana a gwada ƙusar ƙanƙara a kan ƙanƙara? Na sayi kula babba.

Asabar: Foshan

Bakwai na safe muka tsaya kasuwar kifi na sayi bulon ƙanƙara guda, irin wanda masu lemo ke fasawa a Kano. Direban motar da muka ɗauka shata ya ga muna cusa kula a but, ya yi ta magana da Sinanci yana nuna kafet ɗinsa. Na ce "sheshe, sheshe", wato na gode, na shimfiɗa masa leda. Kilomita arba'in da biyar, awa ɗaya da minti goma, gini ba ya yankewa har ba ka sanin inda Guangzhou ta ƙare.

Wanda ya tarbe mu wani dattijo ne, Mista Lin, shi ke kula da gwaji, gilashinsa rataye da zare a wuya. Ba ya jin Turanci, ni ba na jin Sinanci, sai waya ta zama tafinta: ya yi magana ta rubuta mini, in yi ta rubuta masa. Ya kai mu wani ɗaki, ga rabin babur a kan ƙarfen ɗagawa, ba inji, sai kujera da bel mai huji a jere.

Na tuɓe babbar riga na ba Usmanu. Na zura doguwar ƙusa ta cikin bel, na ɗora faranti, na ɗaure noti da hannuna. Na juya bel ɗin, ƙusa ta zaga ta shige ƙarƙashin kujera ta fito lafiya. Na waiga na dubi Usmanu ina murmushi.

Mista Lin ya matso. Ya hau kujerar ya zauna, babur ya ɗan nutse, ya yi mini alama in sake juyawa.

Ƙiiiii!

Ƙarar ta shiga mini har haƙori. Ya sauko ya ba ni tocila ya nuna mini sama da bel ɗin. Wani faffaɗan alminiyom ne a shimfiɗe ƙarƙashin kujera, ga sabon karce a jikinsa yana ƙyalli. Ya yi magana a waya, na karanta. Wannan shi ne lagireton babur ɗin, ruwan sanyaya inji ta cikinsa yake bi. Doguwar ƙusa za ta huda shi, ruwa ya tsiyaye, inji ya ƙone, wataƙila a tsakiyar tafki, nesa da gari. Ya ƙara da cewa ko ba ta huda ba, doguwa lanƙwasa take yi in ta kama ƙanƙara, ta yage bel ta fice.

 Wannan ƙusa ɗaya ce, da hannu nake juyawa. Na tuna casa'in da shida, a guje, babura takwas, da baƙin mutane a kai. Na tuna wa za a kira a tambaya wa ya ɗaura. Kunya ta rufe ni, don yaron nan ya rubuta mini a fili kada ta wuce, ni na ga na fi shi sani. Da na bari an ɗaure kwalin nan ranar Alhamis, da da hannuna na ƙara wa Ummi wasu shekarun ba uba.

Usmanu da ba ya shiru, yau sai cewa ya yi, "Subhanallahi. Alhaji, ni na zuga ka."

Na ce, "Ba kai ba ne, da ma kunnena a buɗe yake."

Aka kawo gajerar. Na ɗaura, na sa sabon ma'aunina: milimita tara daidai bisa haƙori. Na ce Mista Lin ya yi haƙuri, ba shi da nauyi, Usmanu ne zai hau. Ya hau yana ƙunƙuni, babur ya nutse har ƙasa. Na juya sau biyar, ko ƙis ba mu ji ba.

Daga nan fa aiki ya dawo fagena. Gajerar iri biyu ce, da ido ba ka bambanta su, Mista Lin ya ce in zaɓa. Na zaro magagarina da na taho da shi tun daga Kano. Na goga a tsinin ta farko, ya ci, gari ya zubo. Na goga a ta biyu, magagari ya zame, ko alama bai bar mata ba. Wannan ɗan tsinin irin na bakin dirilar huda siminti ne, an dasa shi ne a cikin ƙarfen. Na san shi sarai.

Ban tsaya nan ba. Nasiru ya taɓa gaya mini baburan kan tsallaka kwalta kafin su kai tafki. Na roƙi guntayen bel biyu, na ɗaura wa kowanne iri guda, shida-shida, na goga kowanne a simintin tsakar masana'anta sau goma da dukkan ƙarfina. Sannan na ce a buɗe kula.

Da ma'aikata suka ga baƙin mutum ya fito da bulon ƙanƙara daga kula, sai suka bar injinansu suka zagaye mu. Na ɗora guntun farko a kan ƙanƙara na taka da ƙafa ɗaya, na ce Usmanu ya ja igiyar da na ɗaura masa. Ya ja, bel ya sulale, sai ga ni zaune daɓas a ƙasa, hula can gefe. Dariya kamar rufin zai faɗo. Na tashi na kaɗe wando, na ɗora na biyun na taka. Usmanu ya ja, ya ƙara ja har jijiyar wuyansa ta fito. Bulon ne ya biyo shi gaba ɗaya da ni a kai, amma bel bai gusa daga inda na sa shi ba.

Sai tafi ya ɓarke. Mista Lin ya sa gilashinsa ya duƙa ya duba ramuka shida da ƙusa ta yi, ya miƙe ya ɗaga mini babban yatsa ya ce, "Shifu." Waya ta rubuta mini: gwanin sana'a. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya fasu. Dattijon da ya yi shekaru yana ƙera abin nan, a cikin masana'antarsa, gaban yaransa.

Saura kan ƙusa da faranti. Ya tambaya bel ɗin Nasiru ninki ɗaya ne ko biyu. Wannan karon ban yi kirdado ba, na buɗe saƙon na karanta: ninki ɗaya. Ya ce to sai mai faffaɗan kai, don kada ta ɓula robar ta fice. Na zaɓi noti mai zoben roba a ciki, wanda girgiza ba ta kwance shi. Na ba da odar gajerar mai tsini na biyun, aka ba mu shayi ba sukari, muka kama hanya ƙarfe ɗaya.

Laraba da kwanakin da suka biyo

Kaya suka iso shagon Lauban ranar Laraba, goma na safe. Na buɗe kwali uku ba a jere ba, na auna goma-goma, na goga magagari a kowace. Tana tsaye tana kallona, ta riga ta ji labarin ƙanƙara. Da kaina na kai su ofishin masu jigilar kaya aka auna, aka ce mako guda ta jirgin sama. Na aika wa Nasiru hoton rasit da kalma biyu: an gama. Labarin doguwar ƙusa kuwa na haɗiye abina.

Kwana tara na ƙara ina haɗa nawa kayan, sarƙa da birki da fitilu, har aka rufe kwantena a gabana. Duk inda muka zauna cin tuwo da 'yan gida sai Usmanu ya ba da labarin faɗuwata, kullum kuma faɗuwar ƙara tsawo take.

Asabar: Gida

Na dawo ta Addis Ababa, wannan karon kai tsaye Kano. Mun sauka ɗaya da rabi na rana, Ɗanladi na jira, har yanzu bai yafe wa sojan nan ba. Uku saura na shiga gida. Alhamdu lillahi da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Alhaji Usmanu da ya ja igiya, da Lauban da ta buga waya, da dattijon nan Mista Lin da ya hau kujera maimakon ya yi mini gardama. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Bayan la'asar ina tsakar gida ana ta sannu da zuwa sai wayata ta yi ƙara. Nasiru ne, ta bidiyo. Can safiya ce, ko'ina fari fat, ya naɗe fuska sai ido. Ya juya wayar ya nuna mini babura huɗu a jere a bakin tafki.

"Yaya, huɗu an ɗaura musu ƙusa. Jiya mai kamfanin da kansa ya ɗauki ɗaya ya zaga tafki, ya taka birki a tsakiya, babur ya tsaya cak. Ya dawo ya leƙa ƙarƙashi da tocila, ko ƙwarzane babu."  "Ya sa hannu, Yaya. Takardar tana aljihuna."

Na ji an saki kwano a bakin madafa. Rabi ce, ta durƙusa a inda take, ta rufe fuska da mayafi.

Nasiru ya ce, "Na gaya masa wanda ya zaɓo ƙusar bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Ya ƙi yarda."

Na ce, "To ka koma ka gaya masa ni tsini kawai na zaɓa. Tsawon naka ne. Na so in fi ka sani, saura ƙiris in ƙona maka babura takwas. A wannan ƙarfen kai ne malamina, Nasiru."

 Tun da aka haife shi bai taɓa jin irin wannan daga bakina ba, na kuma faɗa ne a gaban duk mutanen gida. Kafin ya amsa Ummi ta kutso ta tsakanin ƙafafuna ta ƙwace wayar da hannu biyu, ta manna hancinta a gilashin.

"Abba, in na zo za ka ɗora ni a kai?"